Babi na Huɗu: Kifin da Ka Kamo da Hannunka

"A ruwan gishiri na kamo shi, a ruwan gishiri na saka shi, to me ya kashe shi?" Wannan ita ce tambayar da mai sha'awar kiwon kifin teku a gida ya fi yi a farkon farawarsa. Mutum yana zaune a Legas, ko Akra, ko Fot Sudan, teku na kusa da shi. Ya haɗa akwatin gilashinsa kamar yadda muka bayyana a babin da ya gabata, ruwa garau, famfo na aiki. Ran hutu ya je bakin teku ya samo 'yan kifaye masu kyawun launi, ko ya roƙi masunta su ba shi ƙananan da suka faɗo a taru. Ya kawo su gida da ransu, ya juye su a akwati. Da yamma suna iyo, da safe suna kwance a ƙasa suna haki, kafin kwana biyu babu ko ɗaya.

Amsar a taƙaice ita ce: ruwan da ya baro da ruwan da ya tarar ba ɗaya ba ne, ko da a ido da harshe ba ka ga bambanci ba. Kifin da aka haifa a gidan kiwo ya saba da ruwan da mutum ya haɗa. Wanda ka kamo bai san komai ba sai ruwan wurin da ya tashi. Saboda haka aikinka na farko shi ne sanin wancan ruwan, sannan ka sa akwatinka ya bi kifin, kafin ka nemi kifin ya bi akwatinka.

Wannan ba tarwaɗa ba ce

Wanda ya tashi a arewa, abin da ya sani game da juriyar kifi daga tarwaɗa ya koye shi. Ya ga ana ajiye ta a baho da ɗan ruwan da bai kai ya rufe bayanta ba, ta kwana ta yini tana motsi. Dalili shi ne tarwaɗa tana da wata gaɓa ta musamman a cikin kanta da take shaƙar iska kai tsaye da ita. Yawancin kifayen teku ba su da wannan baiwar. Iskar da ta narke a ruwa kaɗai suke dogara da ita, ga shi kuma ruwan teku bai riƙe iskar numfashi kamar ruwan daɗi: a zafi ɗaya, abin da yake riƙewa ya gaza na ruwan daɗi da kusan kashi ɗaya cikin biyar. In ruwan ya ɗumama, abin ya ƙara raguwa. Bokitin da tarwaɗa za ta kwana a ciki lafiya, kifin teku na iya shaƙewa a cikinsa kafin ka iso gida.

Gishiri da jikin kifi

Yanka tumatir ka barbaɗa masa gishiri, ka dawo bayan minti goma. Za ka tarar ya tsatso ruwa a faranti. Gishiri yana jan ruwa zuwa inda yake da yawa. Abin da teku take yi wa kifi ke nan dare da rana.

A kowace lita ta ruwan teku akwai gishiri kimanin giram 35. Jinin kifi kuwa gishirinsa bai wuce kusan sulusin wannan ba. Don haka kullum teku tana zuƙe ruwan jikinsa, musamman ta wurin jan naman nan da ke ƙarƙashin kunnuwansa, wanda da shi yake numfashi. Kifin teku yana cikin ruwa amma barazanar da ke kansa ita ce bushewa. Yadda yake tsira shi ne ya yi ta shan ruwan gishirin, hanjinsa ya tsotse ruwan, sannan wasu ƙwayoyin halitta na musamman da ke wurin numfashinsa su tura gishirin waje. Fitsarinsa ɗan kaɗan ne, don kada ya yi asarar ruwa. Kifin ruwan daɗi akasin haka yake: kusan ba ya shan ruwa, fitsari kuwa ba ya yankewa.

Wannan aiki na tura gishiri waje yana cin ƙarfi, kuma jikin kifi ya daidaita shi ne da yawan gishirin ruwan da yake ciki. In ka ɗauke shi daga ruwa mai giram 20 ka jefa shi cikin mai 35, ruwan jikinsa zai riƙa fita da sauri fiye da yadda zai iya mayarwa. Ƙwayoyin da za su ɗauki ƙarin aikin ba sa samuwa cikin minti biyar, kwanaki suke bukata. Shi ya sa masu kiwo suka lura cewa kifi ya fi jure saukowa daga gishiri mai yawa zuwa kaɗan, hawan ne yake kashe shi. Ka riƙe wannan, za mu dawo kansa.

Wani abu da ya kamata a faɗa ƙarara: gishirin miya ba ya yin ruwan teku. Ruwan teku yana ɗauke da magniziyam, da kalsiyam, da fotasiyam, da sinadaran da ke hana ruwa yin tsami. Ko dai ka sayi gishirin da aka haɗa musamman don akwatin kifi, ko ka ɗebo ruwan teku na ainihi daga wuri mai tsabta, nesa da bakin magudana da tashar jiragen ruwa, lokacin da teku ke cikowa.

Teku ba ɗaya ba ce

A nan ne mai kamo kifin unguwarsa yake da damar da mai saye a shago ba shi da ita. Mai saye bai san ruwan da kifinsa ya fito ba. Kai kuwa kana tsaye a cikinsa, sai ka auna.

Ɗauki Legas. Ruwan bakin teku a can gishirinsa yana kusa da na Tekun Atlantika, sai dai ya ɗan ragu da damina. Amma babban tafkin nan da gadar Third Mainland ta ratsa labarinsa daban ne. Da damina, in koguna irin su Ogun suka kwararo masa, yawancinsa ya kan koma kusan ruwan daɗi. Da rani kuwa teku ce ke turo ruwanta ta bakin tashar jirage, gishiri ya yi sama har ya kusanci na teku a sassan da ke kusa da bakin. Wuri guda, kwale-kwale guda, amma kifin da ka kama a Yuli da wanda ka kama a Fabrairu daga ruwa biyu suka fito. Cibiyar binciken teku ta Najeriya, NIOMR, da aka kafa a 1975 a Victoria Island, aikinta ya shafi irin waɗannan aune-aune.

A gaɓar Ghana kuma zafi ne ke sauyawa. Tsakanin Yuli da Satumba ruwa mai sanyi yana tasowa daga ƙasan teku, zafin saman ruwa ya sauka da maki da yawa daga 28 ko 29 da aka saba. Kifin da ka kamo a wannan lokaci daga sanyi ya fito, akwatinka da ke falo kuwa mai yiwuwa yana 30.

Bahar Maliya, inda 'yan uwanmu na Fot Sudan da Jidda suke zaune a bakinta, tana cikin tekuna mafi gishiri a duniya, wajen giram 40 a lita, domin rana na ƙafar da ita kuma babu wani babban kogi da ke zuba a cikinta.

Kayan awon ba su da yawa. Ma'aunin zafi, da ma'aunin gishiri. Ma'aunin gishirin da na fi yarda da shi shi ne ɗan ƙaramin nan mai kama da madubin hangen nesa, da ake ɗiga masa ruwa a leƙa ta cikinsa. Na roba mai allura yana yawan yin ƙarya in kumfa ta manne masa. A ma'aunin nauyin ruwa, giram 35 yana daidai da kusan 1.026. Ka auna a daidai inda ka kama kifin, ka rubuta. Kada ka dogara da ƙwaƙwalwa.

Wanda za a ɗauko, da wanda za a bari

Da yawa daga mace-macen da ake ɗora wa ruwa, tun a bakin teku aka yanke su, lokacin zaɓe.

Ƙananan kifayen da ke zama a kududdufan da teku ke bari tsakanin duwatsu in ta janye, su ne suka fi dacewa da mai farawa. Rayuwarsu ta riga ta koya musu jure zafi da sauyin gishiri. Haka nan kifin nan mai faɗi, fari kamar azurfa da ratsin baƙi, da ake samu a bakin kogunan Afirka ta Yamma, wanda masana ke kira Monodactylus sebae, da karfasar tafki mai baƙin haɓa, wadda take rayuwa daga ruwan daɗi har zuwa wanda ya fi teku gishiri. Akwai kuma kifin laka mai idanu a saman kai da ke tsalle a taɓon bakin ruwa. Yana da ban sha'awa ƙwarai, amma shi ba cikakken akwati yake so ba: ruwa kaɗan mai matsakaicin gishiri, da tudun da zai hau, da murfi, don yana hawa gilashi ya fice.

Wanda za ka bari ya fi yawa. Kada ka ɗauki ɗan kifin da ba ka san girman uwarsa ba, domin da yawa daga 'yan mitsi-mitsin da ke bakin ruwa 'ya'yan manyan kifaye ne da za su kai tsawon hannu su cinye maƙwabtansu. Kada ka karɓi wanda aka jawo daga zurfi da sauri, za ka gan shi ciki a kumbure yana kifewa, jakar iskar da ke cikinsa ce ta buɗe. Wanda ya sha matsa a taru har ɓawonsa ya zube, ko ƙugiya ta shige masa maƙogwaro, da wuya ya kai mako. A Bahar Maliya akwai kifaye masu kyan gaske da ba sa cin komai sai naman murjani mai rai. A akwatinka yunwa ce za ta kashe su a hankali kana kallo, kuma ni ban ga abin da zai halatta wannan ba. A can kuma akwai masu ƙaya mai dafi, wani ma kamar dutse yake, don haka kada ka sa hannu ko ƙafa inda idonka bai gani ba.

Sai batun doka. Dokar kamun kifin teku ta Najeriya ta 1992 ta haramta amfani da guba da abubuwan fashewa. Kifin da aka sumar da guba ko ya farfaɗo, cikinsa ya riga ya lalace. Wurare irin su Sanganeb da Dungonab a gaɓar Sudan, waɗanda UNESCO ta sa cikin wuraren tarihi na duniya a 2016, keɓaɓɓu ne, ba wurin ɗiba ba ne. Ka tambayi hukumar kifi ta yankinka kafin ka jefa koma. Sannan ka ɗauki biyu ko uku, ba goma ba.

Hanya

Kula mai murfi ta fi bokiti, don tana riƙe sanyi kuma cikinta duhu ne, duhu kuwa yana kwantar wa kifi hankali. Ka sa ɗan famfon iska mai batir. Kada ka jefa ƙanƙara cikin ruwan kai tsaye; in zafi ya yi yawa, gorar ruwan sanyi a rufe ta isa. Kada ka ba kifin abinci. Ka ciko jarka ɗaya ko biyu da ruwan wurin, za su yi maka amfani fiye da yadda kake zato. Mai zama a Legas ya lissafa cunkoson hanya cikin tafiyar, ya fita da sassafe.

Ɗigo-ɗigo

Ka iso gida. Rage hasken ɗaki, ka auna ruwan kula da na akwatin da zai karɓi kifin, zafi da gishiri duka. Abin da ka gani shi zai gaya maka hanyar da za ka bi.

In bambancin gishirin kaɗan ne, giram biyu ko uku, ɗigo ya wadatar. Juye kifin da ruwansa a bokiti mai tsabta wanda bai taɓa ganin sabulu ba, ka ajiye shi a ƙasa. Ɗauko siririn tiyon iska, ka sa kai ɗaya a akwati, ka zuƙo ruwa ta ɗaya kan, ka ɗaure tiyon ƙulli sako-sako har ruwan ya koma ɗigo biyu zuwa huɗu a daƙiƙa. In ruwan bokiti ya ninka, zubar da rabi, ka bari ya sake ninkawa. Tsakanin rabin awa da awa ɗaya aikin ya ƙare. Sai ka ɗebi kifin da ƙaramin kofi ko koma mai laushi ka saka shi. Hannu busasshe yana goge yauƙin jikinsa, yauƙin nan kuwa shi ne garkuwarsa daga cuta.

In bambancin babba ne, misali kifin tafki daga giram 15 za shi akwati mai 35, ɗigon awa ɗaya ba zai cece shi ba. A nan sai akwatin ya sauko. Ka haɗa ruwan akwatin karɓa daidai da na wurin kamu, da jarkokin da ka ciko ko da ruwan da ka sirka, ka saka kifin, sannan ka riƙa ƙara gishiri da kimanin giram ɗaya zuwa biyu a lita kowace rana. Hanya mafi sauƙi ita ce ka riƙa cike gurbin ruwan da ya ƙafe da ruwan gishiri maimakon na daɗi, har ka kai inda kake so. Da zarar ka kai, sai ka koma cikewa da ruwan daɗi marar kulorin, domin ruwa ne ke tashi, gishiri yana nan.

Akwai tarko ɗaya da ya kamata wanda ya yi doguwar tafiya ya sani, musamman in a leda ɗaurarriya ya kawo kifin. Kifi yana fitar da ammoniya ta wurin numfashinsa, kuma guba ce. A cikin leda a rufe, iskar da yake fitarwa tana taruwa ta sa ruwan ya ɗan yi tsami, tsamin nan kuwa yana mayar da yawancin ammoniyar zuwa wani nau'i marar haɗari sosai. Kana buɗe ledar, ko ka fara ɗiga mata sabon ruwa, tsamin ya gudu, gubar ta farka. Saboda haka kifin da ya yi sa'o'i da yawa a leda, daɗewa a bokitin ɗigo cutarwa ce a gare shi. Gara ka daidaita gishiri da zafin akwati da na ledar, ka fitar da shi nan take.

Ɗakin baƙo

Na ce "akwatin karɓa" da gangan. Kifin daji ba ya shiga babban akwati kai tsaye, ko da kuwa yana sheƙi.

Kusan kowane kifi a teku yana ɗauke da 'yan ƙwayoyin cuta a fatarsa ko a wurin numfashinsa, ba sa kuma yi masa illa. Dalili faɗin teku ne. Ɗauki cutar farin ɗigo, wadda ke sa kifi ya yi kamar an barbaɗa masa gishiri. Ƙwayar tana cin jikin kifi kwana uku zuwa bakwai, sai ta faɗo ƙasa ta rufe kanta a ƙoƙo, ta rarrabu ta zama ɗaruruwa. In suka fashe, kowace tana da kwana ɗaya ko biyu ta sami kifi, in ba ta samu ba ta mutu. A teku yawancinsu mutuwa suke yi, kifin ya riga ya yi nisa. A akwati mai lita 100 ina zai je? Duk kansa suke dawowa, kowane zagaye ya fi na baya yawa. Ga shi wasu ƙoƙunan kan yi har kwana 72 kafin su fashe, shi ya sa in cutar ta shiga babban akwati sai an kwashe kifayen duka an bar shi babu kifi fiye da wata biyu.

Akwatin karɓan nan, wato na killacewa, ba ya bukatar ado. Lita 40 zuwa 80, babu yashi, gutsattsarin bututun roba don ɓuya, murfi, da matatar soso wadda ta riga ta yi makonni a babban akwati ta tara bakteriyar da ke cinye ammoniya. Wannan soson shi ne ran akwatin. Sabon soso fil ba ya tace komai sai datti, kuma bakteriyar kan ɗauki mako huɗu zuwa shida kafin ta kafu. Koma da tiyo da bokitin wannan akwati nasa ne shi kaɗai.

Mako huɗu ne mafi ƙaranci, shida ya fi. Kullum ka zauna ka kalli kifin. Yana goga jiki da bututu? Numfashinsa ya yi sauri? Ya tsaya a bakin famfo yana fuskantar ruwa? Fatarsa ta yi kamar an hura mata ƙura? Wannan ta ƙarshe alamar wata cuta ce da ta fi farin ɗigo saurin kisa, kwana biyu ko uku sun ishe ta. Magungunan da ke da sinadarin jan ƙarfe suna aiki a kan duka biyun, amma tazarar da ke tsakanin magani da guba ƙanƙanuwa ce, dole da abin awo, kuma suna kashe jatan lande da ƙaguwa da murjani. Ga wani dalilin da ya sa ba a magani a babban akwati.

Cin farko

Kada ka damu in bai ci ba a kwana biyun farko. Bai san garin abincin gwangwani ba, abin da ya sani shi ne abu mai motsi. Fara da ƙananan jatan lande masu rai, ko ɗanyen naman jatan lande da na kifin teku da aka daskarar aka yayyanka ƙanana, ka sake shi a gaban famfo don ruwa ya motsa shi. Kifaye masu cin gansakuka ka sa musu dutse mai kore. In ya fara karɓa, sai ka riƙa cakuɗa busasshen abinci kaɗan-kaɗan. Abin da ya rage bayan minti biyar ka zuƙe shi. Ranar da kifin daji ya fito daga bututu ya tarye ka don abinci, ka san ya zauna.

In ya fi ƙarfinka

Wani zai ce, ai in ya yi girma ko ya ƙi ci sai in mayar da shi inda na kamo shi. In kwanansa kaɗan ne, kuma bai taɓa haɗa ruwa ko koma da kifin wata ƙasa ba, mayar da shi daidai wurin ya fi barinsa ya mutu. Amma in ya zauna da kifin shago, ko ka yi masa magani, ƙofar ta rufe, domin zai iya kai wa 'yan uwansa cutar da ba su taɓa sani ba. Kifin da ba na yankin ba kuwa, sakinsa ɓarna ce babba. Kifin nan mai dogayen ƙayoyi masu dafi, ɗan asalin tekun Indiya da Fasifik, an fara ganinsa a gaɓar Filorida ta Amurka a 1985, kuma mafi rinjayen zato shi ne masu akwati ne suka sake shi. Yau ya mamaye tekun Karibiyan yana cinye 'ya'yan kifayen wurin.

To kifi ya tsallake makonninsa na killacewa, yana ci, ya koma babban akwati. Daga yanzu numfashinsa ya rataya ne a kan famfo, famfo kuma a kan wutar lantarki, ga zafin Maris da Afrilu na jira. Babi na biyar zai duba awa nawa akwatin ruwan gishiri ke iya yi babu wuta kafin iska ta ƙare, da yadda za a haɗa batir da sola da fanka su riƙe shi har a dawo da ita.